Béziers, 1907: Sojojin da Suka Juya Bindiga da Manomin da Faranka 100 Ta Kayar

Wani mai karatu ya aiko mana da tambaya bayan ya ga bidiyon nan da ya yi ta yawo a wayoyi tun watan Oktoba na 2023. Manoman kudancin Faransa ne suka tare manyan motocin da suka shigo daga Sifen a shingen Le Boulou, suka buɗe tankuna, giyar inabi ta yi ta malala a kan kwalta. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda hukuma take lallaɓa waɗannan mutane. Me suka taka?

Abin da suka taka shi ne shekarar 1907, da wani titi a garin Béziers.

Na san abin da ake matsewa daga wannan inabi haramun ne a wurin mafi yawan masu karanta wannan shafi, kuma ba tallarsa na zo yi ba. Amma manomin da ya ci bashi ya yi noma, kaka ta zo farashi ya faɗi warwas, ciwonsa ɗaya ne, ko inabi ya dasa a gaɓar Bahar Rum ko tumatir a Kadawa. Da wannan ido nake so a karanta labarin.

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Béziers, da ya fito daga tasha lambu ne zai tarbe shi. Sunansa Plateau des Poètes, Tudun Mawaƙa. Ba babba ba ne, hekta 5 ne kacal a jikin gangara, da hanyoyi masu lanƙwasa, da ɗan tafki, da itatuwan da aka kawo daga ƙasashe daban-daban. 'Yan'uwan juna biyu, Denis da Eugène Bühler, su suka tsara shi, aka buɗe shi a 1867. An jera sassaƙen kawunan mawaƙa a cikinsa, har da na Victor Hugo. Wani gwanin sassaƙa ɗan garin, Jean-Antoine Injalbert, ya gina maɓuɓɓugar ruwa mai tsawon mita 17, da wani ƙato a samanta yana ɗauke da duniya a kafaɗa. Shekara goma kafin a buɗe lambun layin dogo ya iso garin, ya soma kwasar ganguna zuwa biranen arewa. Da kuɗin gangunan nan aka yi lambun, don baƙon da ya sauka a tasha ya san ya zo garin masu hannu da shuni tun kafin ya ga kasuwa.

In aka haura lambun zuwa ƙarshensa na sama, sai a faɗa wani faffaɗan titi mai inuwa, Allées Paul Riquet. A tsakiyarsa akwai mutum-mutumin mai sunan, wanda aka kafa a 1838. Pierre-Paul Riquet ɗan Béziers ne, mai karɓar harajin gishiri, wanda ya zuba dukiyarsa wajen haƙa Canal du Midi, hanyar ruwa mai tsawon kilomita 240 daga Toulouse zuwa bakin Bahar Rum. An fara aikin a 1666, aka buɗe a 1681, shi kuwa ya rasu a 1680, saura 'yan watanni ya ga jirgi na farko. A bayan gari, a Fonseranes, har yau ana zuwa kallon jerin ƙofofin ruwan da ya gina, masu ɗaga jirgi hawa-hawa sama da mita 20.

Can saman tsauni kuma babbar cocin Saint-Nazaire ce take kallon kogin Orb da tsohuwar gada. Musulmin Andalus sun riƙe wannan yanki daga Narbonne kimanin shekara 40, daga 719 zuwa 759, kuma a cikin yaƙin korarsu wani jagoran yaƙi mai suna Charles Martel ya rushe Béziers a 737. Amma ranar da garin ba ya mantawa ita ce 22 ga Yuli, 1209. Rundunar da Fafaroma Innocent na Uku ya tayar a kan mabiya ɗarikar Kathar ta nemi a miƙa mata su, mutanen gari suka ƙi, aka afka musu babu zaɓe, har waɗanda suka fake a cocin Madeleine. Wakilin Fafaroma, Arnaud Amaury, ya rubuta cewa an kashe kusan 20,000, ko da yake masana da yawa suna ganin jama'ar garin ba ta kai haka ba. Maganar nan da ake jingina masa, wai a kashe kowa Allah zai tantance nasa, wani malamin coci Bajamushe ne ya rubuta ta bayan fiye da shekara goma, shi kuwa bai halarci wurin ba. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, abin da aka aikata ke nan. Rundunar daga arewa ta zo, kuma masu jawabi a 1907 sun yi ta tuna wa jama'a da haka.

Arzikin Béziers ya ninka ne a kan masifar maƙwabta. A shekarun 1860 wani ƙwaro ɗan mitsitsi, filoksera, ya shigo daga Amurka yana cinye saiwar inabi. Gona bayan gona ta bushe a faɗin Faransa, amma ya makara kafin ya iso kewayen Béziers, don haka masu gonakin nan suka yi shekaru suna sayarwa da tsada, suka gina manyan gidaje a tsakiyar gonaki. Daga baya aka gano magani: a yi wa inabin Faransa aure da saiwar na Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kowa ya ci bashi ya sake dashe, kuma da yawa suka zaɓi wani iri mai suna Aramon, mai yawan 'ya'ya, maras ƙarfi.

Sai dai a shekarun ƙarancin 'yan kasuwa sun koyi dabaru. Ana jiƙa busasshen inabi, a zuba sukari, a ƙara ruwa da launi, a sayar da sunan giya. Turawan da suka mamaye filayen Aljeriya su ma sun dasa inabi ba iyaka, kuma kayansu yana shiga ba kuɗin fito, tunda a doka Aljeriya Faransa ce. A 1903 majalisa ta sauke harajin sukari daga faranka 60 zuwa 25 a kan kilo 100, abin da ya yi wa manoman gwozar sukari na arewa daɗi, ya kuma sauƙaƙa wa masu algus. Sannan aka yi kaka mai albarka a 1904. Lita 100 ta koma faranka 6 ko 7, kuɗin da bai biyan wahalar noma. Ƙauyukan da ba sa shuka komai sai inabi suka wayi gari ganguna cike, tukunya wayam, mai karɓar haraji yana bakin ƙofa.

Manoma sun ɗora laifin gaba ɗaya a kan algus. Algus akwai shi, ba ƙarya suka yi ba. Amma ina tare da masanan da suke cewa babbar cutar ita ce an noma fiye da abin da ƙasar za ta iya sha. Kukan algus ya fi saurin tara jama'a ne domin yana nuna wani can da yatsa, mai sukari a arewa da dillali a Paris, ya kuma haɗa mai hekta ɗari da leburansa a sahu ɗaya.

Wanda ya fara wannan kuka shi ne Marcelin Albert, haifaffen 1851, mai ɗan shagon shan kofi da 'yar gona a ƙauyen Argeliers, a bakin hanyar ruwan Riquet. Mutum ne mai son wasan kwaikwayo, ba shi da jam'iyya, ba shi da muƙami. Ya yi shekaru yana bin kasuwanni, wani lokaci ya hau bishiya ya yi ta jawabi a kan giyar gaskiya da giyar algus, mutane suna dariya suna cewa ya taɓu. Da tura ta kai bango aka daina dariya. Ranar 11 ga Maris, 1907, ya ja mutum 87 a ƙasa daga Argeliers zuwa Narbonne don su gana da kwamitin binciken majalisa. Daga nan suka kafa kwamitinsu, suka fitar da jarida mai suna Le Tocsin, suka sa al'adar taro kowace Lahadi a gari daban. Taron farko 'yan ɗaruruwa ne. Kafin Afrilu ta ƙare ana maganar dubu goma, dubu ashirin.

Ranar 12 ga Mayu aka zo Béziers. Ƙiyasi ya kama daga 120,000 zuwa 150,000, maza da mata da yara, ƙauye-ƙauye, kowanne da allonsa, suka cika titin Riquet suka tumbatsa. A nan aka ba gwamnati wa'adi: in 10 ga Yuni ta yi ba a ɗauki mataki ba, ba wanda zai biya haraji, kuma magadan gari da kansiloli za su ajiye aiki. Aka wuce Perpignan, Carcassonne, Nîmes. A Montpellier ranar 9 ga Yuni, mafi ƙarancin ƙiyasi rabin miliyan ne. An ɗauki Albert a kafaɗa, mata suna miƙa masa jarirai ya taɓa, ana kiransa mai ceto. Washegari magajin garin Narbonne, likita Ernest Ferroul, ɗan gurguzu kuma gogaggen ɗan siyasa, ya yi murabus, ɗaruruwan ƙananan hukumomi suka bi bayansa.

Firaminista a lokacin, wanda kuma yake riƙe da ma'aikatar cikin gida, shi ne Georges Clemenceau, wanda ake yi wa laƙabi da Damisa. Zanga-zanga bai dame shi ba, amma ƙin biyan haraji da rufe ofisoshi ya ɗauke su tawaye. Ya tura sojan ƙasa 25,000 da na doki 8,000. Da asubar 19 ga Yuni aka kama Ferroul, aka bi 'yan kwamitin Argeliers, Albert ya ɓuya. Da yammacin ranar sojan doki suka yi harbi a Narbonne, aka yi rashin rai. Washegari sojojin runduna ta 139 suka buɗe wuta a dandalin ofishin magajin gari, mutum biyar suka mutu, cikinsu har da wata budurwa 'yar shekara 20, Cécile Bourrel. A daren nan jama'a suka cinna wa gidan gwamna wuta a Perpignan.

Runduna ta 17 ta sojan ƙasa a Béziers barikinta yake, kuma yaran da ke cikinta 'ya'yan ƙauyukan kewaye ne masu bautar ƙasa ta dole, akasarinsu 'ya'yan manoman inabi. Hukuma ba ta yarda da su ba, shi ya sa kwana biyu kafin nan ta kwashe su zuwa Agde, kilomita ashirin da 'yan kai. A can labarin Narbonne ya same su da yammacin 20 ga Yuni, kuma jita-jita ta riga ta ninka yawan gawarwakin. Kimanin 500 daga cikinsu suka fasa ma'ajiyar makamai, suka ɗebi harsashi, suka kama hanyar Béziers cikin dare. Wani janar ya tare su a hanya da sojoji, suka wuce. Da safiyar 21 ga Yuni suka shigo gari, suka juya bindigoginsu gindi sama, alamar ba za su harbi kowa ba, suka yada zango a titin Riquet. Mutanen gari suka fito da abinci da abin sha da ciyawar shimfiɗa.

A ranar da sojojin suka fasa ma'ajiyar, wani yaro ɗan malamin makaranta a Béziers ya cika shekara 8 cif. Sunansa Jean Moulin, wanda daga baya ya haɗa kan masu yaƙin sunƙuru da mamayar Jamus, ya mutu a hannun 'yan Nazi a 1943. Abin tunawa da shi yana cikin wannan lambu na mawaƙa.

Labarin sojojin kala biyu ne. Wanda ya fi yaɗuwa, wanda waƙar Gloire au 17e ta mawaƙi Montéhus ta dasa a zukata, shi ne an umarce su su harbi talakawa suka ƙi, don kishin jamhuriya da talaka. Gaskiyar ita ce ba wanda ya ba su wannan umarni. Suna Agde, nesa da inda aka yi harbin, kuma wata runduna ce ta yi shi. Abin da ya tayar da su tsoro ne kada a yi wa iyayensu a Béziers abin da aka yi a Narbonne. Ba su da shugaba, ba su da buƙatar da suka rubuta, kuma da suka iso suka tarar gari lafiya sai suka rasa abin yi. Kafin rana ta faɗi Janar Bailloud, da taimakon wakilan manoma, ya shawo kansu da alkawarin ba za a hukunta kowa shi kaɗai ba. A ganina wannan bai rage musu daraja ba. Saurayin da ya san hukuncin tawaye a soja, ya kuma yi tafiyar dare don ya tsaya tsakanin bindiga da uwarsa, ba ya buƙatar a ƙara masa wata aƙida kafin a girmama shi.

Alkawarin an cika shi rabi. Ba a kai kowa kotun soja a harbe ba, amma an kwashe su gaba ɗaya zuwa Gafsa a kudancin Tunisiya, wurin da aka saba kai sojojin horo. An daɗe ana cewa a yaƙin 1914 an tura su gaba-gaba da gangan don su ƙare. Masana tarihi biyu, Rémy Pech da Jules Maurin, sun bi takardun sojojin, suka ga mutuwarsu a yaƙin ba ta zarce ta tsararrakinsu ba. Na fi gaskata takardun. A ranar da suke zaune a titin Riquet kuwa, majalisa a Paris ta jaddada goyon bayanta ga Clemenceau da ƙuri'a 327 a kan 223.

Saura Albert. Ana nemansa ruwa a jallo a kudu, sai ga shi ya ɓulla a Paris. Ya nemi shiga majalisa, ba a bar shi ba. Ranar Lahadi 23 ga Yuni ya je ma'aikatar cikin gida da ƙafarsa ya ce yana son ganin firaminista. Clemenceau ya shigar da shi, su biyu kaɗai. Ya yi masa alkawarin za a yaƙi algus in ya koma ya kwantar da jama'a, sannan ya miƙa kansa ga shari'a. Ya rubuta masa takardar wucewa kada a kama shi a hanya. Da ya ji ba shi da isasshen kuɗin jirgi, sai ya zaro takardar faranka 100 ya ba shi. Albert ya karɓa.

Yana fita, Clemenceau ya kira 'yan jarida. Ya ce musu mai ceton kudu ya fashe da kuka a gabansa, ya amsa laifi, ya kuma ambaci faranka 100 ɗin. Kafin Albert ya isa gida labari ya riga shi. A farashin lokacin, faranka 100 kuɗin lita wajen 1,500 ne, don haka ga manomin da ya kasa sayar da gangarsa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga gawarwakin Narbonne ba a daɗe da binnewa ba, ga abokansa a kurkuku. Kalma ɗaya ta bi ƙauyuka: an saye shi.

Ban yarda an saye shi ba. Maganar kukan daga bakin mutum ɗaya ta fito, kuma shi ne wanda ya fi kowa cin ribarta. Wanda rabin miliyan suka ɗauka a kafaɗa mako biyu da suka wuce, in cinikin kansa zai yi, ba a kuɗin jirgi zai tsaya ba. Kwana uku bayan ganawar, 26 ga Yuni, ya kai kansa kurkukun Montpellier kamar yadda ya yi alkawari. Hujja mafi ƙarfi ma ita ce kuɗin kansu: shugaban bore mafi girma a Faransa ta wancan zamani ya je Paris ba shi da na komawa. Laifinsa na gaskiya daban ne. Ya tafi ba da yawun kwamitinsa ba, ya shiga ɗaki shi kaɗai da ɗan siyasar da ya fi kowa iya kisan mummuƙe, ya dawo yana roƙon magadan gari su koma ofis alhali ba abin da ya riƙo sai alkawarin baki. Ya ɗauka in mutum biyu suka zauna suka faɗa wa juna gaskiya magana ta ƙare. Su kuma 'yan siyasar da ke kewaye da Ferroul, waɗanda dama farin jinin mai shagon kofi ya tsone musu ido, ba su yi wani yunƙurin wanke shi ba.

Da aka sako shi a farkon Agusta ya koma Argeliers, mutanen ƙauyensu suka nemi hallaka shi, sai da jandarmomi suka kare shi. A watan Satumba aka kafa babbar ƙungiyar manoman inabi ta kudu, aka ba Ferroul shugabanci, ba a ba Albert ko kujera ba. A 1910 ya je Aljeriya, inda manoman inabi na can, waɗanda kayansu yana cikin abin da ya karya farashi, suka yi masa karo-karo. Ya rasu a Argeliers ranar 12 ga Disamba, 1921, cikin talauci.

Abin da ya yi shekaru yana kuka a kai kuwa an yi shi. Dokar 29 ga Yuni, 1907, ta tilasta wa kowane manomi ya bayyana yawan abin da ya girba, ta ƙuntata zuba sukari da ƙara ruwa. Wata doka ta biyo baya a Yuli a kan safarar giya, aka ƙarfafa hukumar kama masu algus, aka yafe bashin haraji, shugabannin da aka kama kuma ba a taɓa yi musu shari'a ba. Farashi dai bai farfaɗo sosai ba sai 1910, shekarar da cuta ta lalata amfanin gona a faɗin ƙasar, kaya suka yi ƙaranci.

Tun daga nan rikicin yake dawowa, sunan abokin gaba kawai ke canzawa. Bayan Aljeriya sai Italiya, bayan Italiya sai Sifen. Ranar 4 ga Maris, 1976, a Montredon kusa da Narbonne, aka yi musayar wuta tsakanin manoma da 'yan sandan kwantar da tarzoma, kwamanda ɗaya da manomi ɗaya suka mutu. Faransawa kuma sun rage sha ƙwarai. A 2023 gwamnati ta ware Yuro miliyan 200 don a janye rarar giya daga kasuwa a mai da ita sinadarin masana'antu, a 2024 kuma ta ware miliyan 120 tana biyan manomi Yuro 4,000 a kan kowace hekta in ya yarda ya tumɓuke inabinsa. Manoman Aude da Hérault, jihohin Argeliers da Béziers, sun kasance cikin waɗanda suka fi yawa a layin karɓa.